Tasi'u da Rukunin Waɗanda Suka Huta

Farantin dubulan ɗin da na soya wa Tasi'u ya dawo mini a cike, yadda na ba da shi, in ban da 'yan ƙwarorin da suka karye a hanya. Ni Uwani, tun ina amarya nake suyar dubulan da alkaki na biki a Sabon Gari, ba a taɓa maido mini da faranti haka ba. Na ɗauki ɗaya na gutsura, lafiyarsa ƙalau, sukari ya ji, mai bai yi ɗaci ba. Na tambaye shi ko mutanen nasa ba su zo ba ne. Ya ce sun zo, har sun fi yadda ya zata. To me ya hana su ci? Ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Ya ajiye farantin a bakin murhu ya wuce gida, don lokacin juya Baba, da ke kwance ba lafiya, ya yi.

Tasi'u ƙanena ne, ciki ɗaya. A Dagumawa aka haife mu, kafin Babanmu Malam Isyaku ya bar noma ya koma dillancin shanu a kara, ya kwaso mu muka dawo cikin Wudil. Mu uku ne: ni, sai Yahuza da ya tafi Fatakwal tun yana saurayi, wanda yanzu muryarsa kawai muka sani a waya, sai Tasi'u. Tun yana yaro ba a jin kansa. Yaron da za a miƙa masa ragowar tuwo ya ce ya ƙoshi, a ɗauke masa takalmi ya tafi makaranta haka bai faɗa wa kowa ba. Mutane suna ta yabo, wai yaro mai haƙuri. Ni kuwa haushi yake ba ni, don ni idan aka taka ni sai unguwa ta ji. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ni aka haɗa wa bakina da nasa.

Ya yi karatun malanta, ya kama koyarwa a firamare, ya yi digiri yana aiki, sannan ya shiga digiri na biyu a jami'a, wai ilimin halayyar ɗan'adam ta ɓangaren koyarwa. Wannan karatun shi ne abu ɗaya tak da na taɓa ji Tasi'u ya buɗe baki ya ce yana so. Bai taɓa cewa yana son riga ba, ko babur, ko fili. Akwai wata yarinya Radiyya da kowa ya san ransa yana wajenta, amma ko ita bai taɓa furtawa a gabana ba. Ta jira, ta gaji da jira, ta auri wani ma'aikacin asibiti a Gaya. Ya je ɗaurin auren, har ya taya rabon goro.

A shekarar da ya fara digirin nan Baba ya yanke jiki ya faɗi a kara wata Juma'a. Hawan jini ne. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Inna ta riga ta rasu, ni ina gidan miji da yara, kuma namiji ne ya dace ya yi wa namiji tsarki. Ba wanda ya zauna ya yanke cewa Tasi'u ne zai yi jinya, haka kawai aka wayi gari shi yake yi. Wanka, fo, sauya leda, wankin zannuwa, kunu a cokali, da juyi daga wannan ɓari zuwa wancan kowane ɗan lokaci don kada gyambo ya kama bayansa. Idan an fita tara a makaranta ya sheƙo gida ya juya shi ya koma aji. Baba kuwa ko yana lafiya ba mai sanyin hali ba ne, da ciwo ya ɗaure masa harshe sai duk faɗan ya koma hannun hagu. Na sha ganin ya kaɓar da kofin kunu a ƙirjin Tasi'u, ko ya kai masa mari yana cikin goge masa jiki. Tasi'u sai ya ce sannu Baba, ya tashi ya ɗauko tsumma.

Haka karatu ya yi ta jan ƙafa. Yajin aiki ya ci nasa, jinya ta ci nata. Waɗanda suka shiga tare da shi suka gama, wasu har ana ce musu Dakta. An ƙara masa wa'adi, an sake ƙarawa, daga ƙarshe aka ce wannan ne na ƙarshe: ko ya kammala bincikensa ya tsaya gaban malamai ya kare kundinsa kafin zangon nan ya ƙare, ko a cire sunansa, shekarun nan duka su tafi a banza. Ranar da ya faɗa mini, da muryar da yake cewa kalanzir ya ƙare ya faɗa.

Abin da yake bincike, yadda ya yi mini bayani ina jujjuya dubulan a kasko, shi ne wai wasu masana na waje sun ce kame kai ƙarfi ne mai ƙarewa. Idan mutum ya danne zuciyarsa a kan abu guda, to aikin da zai biyo baya ba zai jure masa sosai ba, zai yi saurin saki. Wasu kuma sun gwada sun ce su ba su ga haka ba. Shi yana so ya gwada a kan mutanenmu. Za a ce wa mutum ya zo bai karya ba, a shigar da shi aji shi kaɗai, a ajiye masa faranti a gaba. Da ƙuri'a ake raba su gida biyu. Na farko a ce masa kada ya taɓa, ya zauna yana kallo yana shaƙar ƙamshi. Na biyu a ce masa bismillah, ya ci yadda yake so. Bayan nan kowa a ba shi tiren shinkafa mai tsakuwa ya yi ta tsinta, har sai ya ce ya isa, Tasi'u yana duba agogon waya.

Na ce to su na biyun meye amfaninsu, ban da cinye mini dubulan? Ya ce ai su ne aikin gaba ɗaya. Idan na canza man suya ina so in san ko shi ne ya gyara mini dubulan, dole in soya wani kaskon da tsohon man, fulawa ɗaya, wuta ɗaya, hannu ɗaya, in ba haka ba ban san komai ba. Su ne ma'auni. Ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, magana ɗaya, bambancin kawai su ba su danne komai ba. Har suna ya sa musu, rukunin waɗanda suka huta. Na ce oho dai, ni suya aka sa ni.

Ɗaliban jami'a da ya so ya gwada sun tafi hutu a lokacin, wa'adi kuma ba ya jira, sai ya nemi izini ya tara malaman firamare 'yan'uwansa, da iyayen yara, da mutanen unguwa, yana yi a wani aji ranakun Asabar. Ranar farko ce farantin ya dawo mini a cike. Asabar ta gaba ma haka. Na yi fushi sosai, har na fara zargin ko wata ce ta ɓata mini suna a gari. Da ya tattara lokutan da kowa ya yi yana tsinta, sai ya ga rukunan biyu duk abu ɗaya ne, ba wanda ya fi wani saurin saki.

Ya kai wa malamar da ke duba aikinsa, Dakta Khaulat, wata 'yar Yola mai ƙarancin magana. Ya ce ta duba takardun, ta ɗago kai ta yi masa tambaya guda.

"Malam Tasi'u, su waɗanda aka ce su ci, nawa suka ci?"

Ya ce ba su ci ba. Ta ce to ai ba shi da ma'auni, rukuni biyu ya tara na masu danne zuciya.

Abin da ya faru ba wani abin ɓoye ba ne. Tsarinsa ya ce kowa magana ɗaya zai ji, ba ƙari ba ragi, don haka sau ɗaya yake cewa bismillah, ya koma gefe ya zauna. To a garin nan wa zai miƙa hannu a bismillar farko? A gaban malamin 'ya'yanka, da safe, ka nuna masa da yunwa ka fito daga gidanka? Ai sai ka ce alhamdulillahi, ka jira a sake, ka ce wallahi ka ƙoshi, a ce don Allah ko guda ɗaya, sannan ka ɗauki ƙaramin. Su suna zaune suna jiran ta biyu, shi yana zaune yana jiran su ci. Ni da nake ta kumfar baki an raina mini suya, da ni aka zaunar a kujerar nan haka zan yi. Shi kuwa Tasi'u, sarkin alkunya da kansa, ko a ransa abin bai zo ba.

Na ce to ka riƙa nacewa mana kamar ɗan mutane. Ya ce ya yi wannan tunanin. Idan ya nace, mutum zai ci ne don kara, ba don ransa ya so ba, wannan ma wata dannewar ce. Kuma sai ya zama ya yi wa rukuni ɗaya magana mai yawa, ɗayan kaɗan, ma'auni ya sake karkacewa. Sai ya canza dabara: zai ce bismillah ya fice daga ajin ya ja ƙofa, kowa ya ci ba ido.

Na sake suya. Wannan karon farantin ya ragu, har na fara jin daɗi, ashe ba ciki ya tafi ba. Mata da zarar ya fita sai su ƙulle rabonsu a bakin mayafi, na yara. Uwa ta fito ba ta karya ba, ga dubulan a hannunta, ta ɗaure ta ajiye wa na gida, wannan a wane rukuni za a sa ta? Maza wasu suka ɗauki ɗaya suka gyara sauran don kada a ga gurbi. Mutum ɗaya ne ya ci tsakani da Allah, Zubairu mai faci, ya share farantin tas. Da Tasi'u ya dawo ya ga wayam, kunya ta kama Zubairu, ya duƙufa a kan shinkafar nan yana tsinta kamar mai biyan kaffara, sai da aka roƙe shi ya tashi. Tasi'u ya ba ni labarin nan ina dariya har da hawaye, shi ko murmushi bai yi ba.

Ranar nan ne na kasa haƙuri. Na bi shi gida da abincin Baba, na tarar ya durƙusa yana wanke masa ƙafa, Baba ya kama masa kunne da hannun hagu yana murɗawa. Na ɓamɓare hannun, na ja Tasi'u tsakar gida, na tambaye shi shi wai ba ya jin haushi ne, ba ya jin zafi, dutse ne shi?

"Ban san abin da nake ji ba, Yaya," ya ce. "Na daɗe ban duba ba."

Ya koma ɗaki ya ƙarasa wankin ƙafar. Ni na tsaya a wajen da kwano a hannu, tsoro ya kama ni, don na fi son a ce zagina ya yi.

Gwaji na uku, ya cire abincin gaba ɗaya daga gaban rukuni na biyu. Su shigo su zauna kawai, su huta, ba abin ci ba abin yi, sannan a kawo shinkafa. Dakta ba ta so ba, ta ce yanzu bambancin ya zama biyu, waɗancan sun ga abinci sun danne, waɗannan ko ganinsa ba su yi ba, idan aka sami tazara ba a san wanne ya kawo ta ba. Amma lokaci ya ƙure, ta ce ya gwada. Ashe zaman ma aiki ne. Wani malami ya yi gyangyaɗi, ya farka a firgice yana ba da haƙuri. Wani dattijo ya zaro carbi. Wata ta nemi a ba ta tsintsiya ta share ajin, tunda dai zama take. Wata mata Murja daga Achika, mai 'ya'ya a makarantar, tana zaune, sai kawai hawaye. Da ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, tun da aka kai ta ɗakin miji ba a taɓa ce mata ta zauna haka kawai ba, da ta zauna sai abubuwa suka yi ta taso mata, tana ta kokawar mayar da su. Ta share fuska ta ce a kawo shinkafar. Kuma duk wanda ya tambaya a ƙarshe ko ya gaji, amsa ɗaya ce, irin ta gaisuwa, ba gajiya.

Ya yi ta tunani, ya ce watakila kuskuren shi ne auna wani da wani. A auna mutum da kansa, rana ɗaya ya danne, wata ranar yana a huce. Amma kafin ya sake tara jama'a yana so ya ga ko ana iya samar wa mutum ranar hutu da gangan. Na ce ga ka nan, a fara da kai. Na shirya da maigidana Malam Labaran, shi zai yi wa Baba abin da mace ba za ta yi ba, ni in yi sauran, Tasi'u ya tafi gidana ya wuni. Na kori yara gidan kakarsu, na shimfiɗa masa sabon zanin gado, na ajiye masa shinkafa da wake da ruwan sanyi, na ce ko gobara ake kada in ga ƙafarsa.

Kafin azahar na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin ƙofar ɗakin Baba. Ya ce ya kwanta, amma duk lokacin juyi jikinsa ne yake tashinsa, sai ya sami kansa a tsaye a tsakiyar ɗaki ba abin juyawa. Na zazzage shi tas, na ce ya koma. Ya ce to, ya shigo ya gyara wa Baba filo, ya zauna a inda ya saba zama. Da na koma gida na tarar da kwanon shinkafa ko buɗe shi ba a yi ba. Gidan mijin yayarsa ne, ina zai ci?

Wani abokinsa ya ba shi shawara ya ɗan gyara lambobin, ya rage wa rukunin farko lokaci, wa zai sani? Bai yi musu ba, bai kuma yi ba. Dakta Khaulat ce ta samo mafita. Ta ce ya rubuta abin da ya faru yadda ya faru, gwaji uku da dalilin da ya sa ma'auni ya ƙi tsayawa a kowanne, don duk wanda zai zo bayansa ya san inda ramin yake. Ta ce wannan ma ilimi ne, za ta tsaya masa, amma dole ya zo da kansa ya kare. Zama ɗaya ya rage a zangon, da malamin da za a gayyato daga wata jami'a mai nisa. Ya rubuta. A gefen gadon Baba ya rubuta shi, kwamfutar aro a cinya, yana yi yana tashi. Aka sa rana.

Saura kwanaki kaɗan Baba ya cika, wata Talata bayan azahar, Tasi'u yana ba shi ruwa a cokali. Shi ya rufe masa ido, shi ya taya liman wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Yahuza ya yi kuka a waya har sai da na kashe. Ni na yi nawa. Tasi'u ya zauna a tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ana ce masa ya haƙuri yana cewa da godiya, idonsa a bushe. Mutane suna fita suna cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irinsa ba. Dakta ta zo ta'aziyya da kanta, ta ce ta nemi a ɗaga ranar an ce ba hali, baƙon ya riga ya shirya, zango kuma ya zo ƙarshe. Tasi'u ya ce ba komai, zai zo.

Ranar ta faɗo bayan an share makoki. Al'ada ce ɗalibi ya kai wa malamai ɗan abin taɓawa, don haka na soya dubulan mafi kyau da na taɓa yi, na jera a faranti na rufe da sabon tawul. Na zo da hantsi, Malam Labaran yana waje da babur zai kai shi. Na tarar ya yi wanka, ya sa farar shaddar da na goge masa, hula a kai, takalmi a ƙafa, kundin a gefe. Yana zaune a bakin gadon Baba. An cire ledar, an fitar da fo, ɗakin ba warin magani, har ya yi mini girma. Na ajiye farantin a kan kujera.

"Tashi, Malam, lokaci ya yi," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, kamar daga nesa.

"Yaya, na gaji."

Tun da aka haife shi ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Bai faɗe ta da kuka ba, bai faɗe ta da ƙarfi ba. Ya zame a hankali ya kwanta a gefen da Baba yake kwanciya, da hularsa da takalminsa, ya juya fuska bango. Kafin in gama tsayuwa numfashinsa ya canza.

Na san yadda ake yi. A kira mutum sau ɗaya ya ƙi, a sake, a haɗa shi da Allah, a kama hannunsa a miƙar da shi. Ni ce ma na iya wannan a duk gidanmu. Da na ce masa tashi karo na biyu, wallahi da ya tashi, don bai taɓa ƙin ta biyu ba. Zai je ya tsaya, ya amsa tambayoyi da muryar nan tasa, watakila ma ya ci. Na buɗe baki, na dubi bayansa yana hawa yana sauka, na rufe. Na durƙusa na zare masa takalmi, na cire hular na ajiye a kan kundin. Na fita na ce wa Malam Labaran ya tafi harkarsa. Ya dube ni zai yi magana, ya ga fuskata, ya tayar da babur.

Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihun rigar da ya cire kafin wanka. Na ɗauka na fita zaure, Dakta ce, tana tambaya ina yake, malamai sun zauna. Na ce mata barci yake. Ta ce za ta sa a fara da sauran ɗalibai, za ta riƙe su zuwa azahar, bayan nan ba abin da za ta iya. Na ce na gode. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin na zauna. Yaran maƙwabta suka shigo da wasa na kore su da hannu. Inuwar katanga ta yi ta janyewa har ta bar ni a rana, ban matsa ba. Aka kira azahar. Ban ji baƙin ciki ba a lokacin, ban ji daɗi ba, zama kawai na yi ina kallon ƙudaje a bakin randa.

Daga baya Dakta ta rubuta roƙo, ba a karɓa ba, aka cire sunansa. Har yau yana koyarwa a firamaren nan, yara suna ce masa Malam Tasi'u, bai yi aure ba. Kundin yana cikin akwatin Inna a ƙarƙashin gado, ba wanda ya sake buɗewa.

A ranar, sai da aka kira la'asar ya farka. Ya fito ya tsallake ƙafata, ya yi alwala, ya rama azahar ya yi la'asar a tsakar gida, shaddar duk ta yamutse. Da ya sallame ya dubi inda rana take, ya dube ni.

"An tashi ko?"

"An tashi."

Ya gyaɗa kai. Ya koma ɗaki, na ji ya ja kujera. Na leƙa ta labule, na ga ya ɗauke tawul ɗin daga kan farantin malamai, ya ɗora farantin a cinya. Ba wanda ya ce masa bismillah, shi ya faɗa wa kansa. Ya ɗauki babban na sama ya ci, ya ɗauki wani, yana ci a hankali yana kallon bango, sukari yana zuba a kan farar rigar bai kaɗe ba. Na saki labulen na koma tabarmata. Da na shiga ɗaukar farantin gab da magariba, babu komai a ciki sai sukarin da ya danƙare a gindi.